Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Jan Hankali Ga Ɗalibanmu Da Ke Karatu A Biranen Afirka

Duk shekara idan aka gama kaka, akan sami magidanta a Kasuwar Daji da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi waɗanda za su ɗebi buhunan gero da dawa da wake, ko su kora sa guda ko biyu zuwa kasuwa, don su haɗa wa ɗansu kuɗin mota da na makaranta ya tafi neman ilmi wata ƙasa. Da yawa daga cikin yaran nan biranen Afirka suke nufa, kamar su Alƙahira da Yamai da Maraɗi da Kamfala, da kuma Hartum, wadda kafin yaƙin 2023 tana cikin manyan matattarar ɗaliban Arewa. Abin da nake so mu duba a wannan fili shi ne makonnin farko da yaro yake yi a irin waɗannan birane, domin hukuncin da ya yanke wa gari da mutanensa a cikin waɗannan 'yan kwanaki shi ne sau da yawa yake gyara ko ya ɓata shekaru huɗu ko shida da zai yi a can. Ra'ayina shi ne, babu abin da yake buɗe idon baƙo kamar ya yi wa masu masaukinsa aikin sa kai, kuma lokaci ya yi da hukumomin da suke aika yaranmu waje za su ɗauki wannan a matsayin wani sashe na karatun.

Hanyar gabas ba sabuwa ba ce a gare mu. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929, kakanninmu suna sa ƙafa su bi ta Barno da Wadai da Darfur su nufi Makka, suna tafe suna yada zango suna ƙwadago, har wani yakan share shekaru masu yawa kafin ya ga Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, watau Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, guminsu da na sauran mutanenmu yana cikin abin da ya raya su. Haka kuma da aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano cikin 1934, daga Sudan aka ɗauko malamanta na farko. Cikin 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta aika wasu matasan malamai zuwa makarantar horon malamai ta Bakhtar Ruda da ke kusa da Duwaim, a cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, wanda ya taɓa koyarwa a Maru, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Arewa cikin 1962. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane sun cuɗanya da jama'ar da suka tarar, sun ci abincinsu, sun yi aiki tare da su, shi ya sa abin da suka ɗauko ya zauna.

To, bari mu ɗauki Hartum ɗin a matsayin misali, kamar yadda ɗalibi yake tarar da ita kafin yaƙi. Abu na farko da yake marabtarsa shi ne zafi, wanda a watannin Mayu da Yuni yakan haura digiri 40, ga kuma guguwar ƙura da suke kira habub, mai rufe gari da rana tsaka har sai an kunna fitila. Zai tarar garin uku ne a haɗe, Hartum da Umdurman da Bahri, kogi ya raba su, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu a Mugran. Idan ya nemi kalaci sai a miƙo masa ful, watau dafaffen wake mai manyan ƙwayoyi da aka dandaƙa da man riɗi, a ci da burodi. Da rana kuma a kawo kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa mai tsami, ta fi sinasir ɗinmu sirantaka nesa. Babban abin da yake karya masa gwiwa shi ne harshe. Yaron da ya haddace Ajuruma a zaure, yana jin ya iya Larabci, sai ya shiga kasuwar Umdurman ya ji ana ce wa ruwa moya, ana ce wa mutum zol, shi kuwa idan ya buɗe baki ya yi Larabcin littafi sai mai kanti ya yi murmushi kamar an tashi huɗuba. Bugu da ƙari zai ji an kira shi Fallata, sunan da ake kiran duk mutanen yammacin Afirka, wanda a bakin wani suna ne kawai, a bakin wani kuwa da raini a ciki.

A nan ne yaro yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Rami na farko shi ne raini. Sai ya dubi ƙura da tsofaffin motoci da layin burodi ya ce ashe ma garinmu ya fi, me zan koya a nan, ya aika wa na gida da wannan labari tun bai cika wata guda ba. Rami na biyu shi ne ruɗuwa. Wannan ya fi kama wanda ya sauka Alƙahira ya ga jirgin ƙasa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ko wanda ya sauka Kigali ya ga titi fes babu ko leda, sai ya ɗauka komai na can daidai ne, komai na gida kuwa abin kunya ne. Dukansu biyu kallon kitse suka yi wa rogo, domin sun yanke hukunci da abin da ido ya gani daga tagar mota. Kuma dukansu biyu ƙarshensu ɗaya ne: sai yaro ya tattara ya koma cikin 'yan ƙasarsu, su kama ɗaki tare, su dafa tuwonsu tare, su yi hirar siyasar gida a waya har dare, daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai aji. Mutum ya yi shekara biyar a gari bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai taɓa zuwa suna ko jana'iza ba, ya dawo da takarda a hannu alhali kuwa garin da ya zauna bai san ya zo ba, shi ma bai san garin ba.

Abin da irin wannan ɗalibi ya rasa ba kaɗan ba ne, domin abin da ya fi daraja a Hartum ba ya cikin gine-gine. Mutanen Sudan suna da al'ada da suke kira nafir, wadda ita ce gayyarmu sak: a taru a gina wa mutum ɗaki ko a girbe masa gona ba da lada ba. Suna ajiye randunan ruwa a ƙofar gida don duk mai wucewa ya sha. Da azumi kuwa sukan fito da tabarmi da akusa kan titi, har a hanyar Hartum zuwa Wad Madani mutanen ƙauyuka sukan tsaya a gaban motoci su tilasta wa matafiya su sauko su sha ruwa. Da ambaliya ta ci unguwannin Hartum cikin Agustan 2013, samari da 'yan mata suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Nafir, suka yi ta kai abinci da tantuna ga waɗanda gidajensu suka rushe. Akwai kuma wasu matasan da suka riƙa zama a bakin asibitin yara suna tara kuɗi don saya wa marasa hali magani, aka san su da sunan titin da suke zama, Shari'ul Hawadis. Cikin 2015 suka gina ɗakin kula da yara masu tsananin ciwo a wani asibiti a Umdurman, da ranar buɗewa ta zo kuwa ba su kira wani babban mutum ba, wata mai sayar da shayi da suka saba zama wurinta ita suka ba almakashi ta yanke ƙyalle. Wannan darasi ne da babu jami'ar da take rubuta shi a allo.

Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati na Janar Burhan da dakarun RSF na Janar Daglo, ofisoshi suka rufe, asibitoci da yawa suka tsaya, wannan tsohuwar al'ada ita ce ta tsaya wa talakawa. Matasan unguwanni suka kafa abin da suka kira ɗakunan agajin gaggawa, suna dafa abinci a manyan tukwane suna rabawa, suna neman magani, suna fitar da waɗanda suka maƙale. Mu kuma namu ɗaliban, kowa ya tuna halin da suka shiga. An ɗebe su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada kafin a ba su izinin wucewa, jirgin farko bai sauka Abuja ba sai ran 3 ga Mayu, wasu kuma ta Fot Sudan aka kwaso su, har jimlarsu ta haura mutum 2,000. Hankali kaɗai ya isa ya nuna mana cewa a irin wannan rana, wanda ya san lungunan unguwa, yana jin harshen titi, kuma akwai gidan da za a buɗe masa ƙofa idan ya ƙwanƙwasa, ya fi wanda bai san kowa ba sai abokan ɗakinsa. Da ɗan gari akan ci gari, ba kuwa ranar tashin hankali ake fara neman ɗan garin ba.

Mai karatu zai iya tambaya, shin yaya aikin sa kai yake buɗe ido? Amsa ita ce ta hanyoyi uku. Ta farko harshe. Ɗalibin da yake zuwa wata makarantar unguwa sau ɗaya a mako yana koya wa yara Turanci ko lissafi, yaran nan su ne za su gyara masa Larabcinsa ko Faransancinsa, ba sa jin kunyar yi masa dariya, shi ma ba ya jin kunyar kuskure a gabansu, cikin 'yan watanni sai bakinsa ya sake. Ta biyu sana'a. Mai karatun likita ko jinya da yake taimakawa a ɗakin shan magani na bayan gari zai ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa, watau ainihin cututtukan da za su tare shi idan ya dawo Moriki ko Kware, zai kuma ga dabarun da ake yi inda babu wutar lantarki babu isassun kayan aiki. A wannan fanni karatu a Afirka ya fi karatu a Turai kusa da bukatarmu, domin ƙasarsu irin tamu ce, talaucinsu irin namu ne. Ta uku hali. Wanda ya tsaya a layi yana raba wa mabukata abinci ya san nauyin amana, ya san yadda ake lissafin buhu goma a gaban mutum ɗari, kuma raini da ruɗuwa duk sukan fita daga zuciyarsa, saboda ya daina kallon mutanen garin daga nesa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Uba zai ce shi karatu ya aika ɗansa, bai sayar da shanunsa don yaro ya je yana yi wa wasu bauta ba. Gaskiya ne, kuma duk aikin sa kan da zai sa yaro ya faɗi jarrabawa ɓarna ne. Amma awa uku ko huɗu a ranar hutun mako ba su kai rabin abin da ɗalibai suke ɓatarwa a kan waya ba. Wani kuma zai ce akwai haɗari, yaro yana iya faɗawa cikin siyasar ƙasar da ba tasa ba, ko ya karya dokar baƙi. Wannan ma haka ne, ɗakunan agajin Sudan ɗin da na ambata ma daga kwamitocin unguwanni na boren 2018 da 2019 suka samo tushe. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya tsaya inda babu gardama, watau makaranta da asibiti da gidan marayu da tsabtace unguwa, ya nemi izinin jami'arsa a rubuce, ya nisanci zanga-zanga da tarurrukan jam'iyyu, domin baƙo ba ya shiga faɗan masu gida. Akwai kuma wani aibi da ya kamata a faɗa: aikin sa kai na neman suna, inda mutum zai je gidan marayu sau ɗaya a shekara ya ɗauki hoto da yaran mutane ya watsa a Facebook. Wannan ba taimako ba ne, ciniki ne da talaucin wani. Taimako na gaskiya shi ne wanda ake komawa kowane mako har masu wurin su san ranar zuwanka.

Wani dalilin da ya sa maganar nan ta zama ta gaggawa shi ne zubewar mutuncin takardun waje. Cikin Disamban 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa cikin Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo. Tun daga nan duk wanda ya ce a wata ƙasar Afirka ya yi karatu sai a dube shi sau biyu, har da wanda ya sha wahala ya yi na ƙwarai. To, mene ne zai raba na ƙwarai da ɗan jabu? Takarda ana iya sayenta, amma ba a sayen harshe, ba a sayen sanin gari, ba a sayen shaidar shugaban asibiti ko na makaranta da zai rubuta cewa wane ya yi shekara uku yana zuwa yana taimaka mana. Ɗalibin da ya yi hidima a inda ya yi karatu yana ɗauke da shaidarsa a bakinsa da hannunsa.

Ma'aikatan gwamnati ma maganar ta shafe su kai tsaye. Tun cikin 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake Ministan Harkokin Waje, Nijeriya ta kafa shirin TAC, wanda yake aika likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da injiniyoyi su yi aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashen Afirka da na tsibiran Karebiyan da Fasifik, kamar su Gambiya da Saliyo da Yuganda da Jamaika da Fiji. Wannan dama ce da ya kamata malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumominmu, su riƙa nema da himma. Wanda ya koyar shekara biyu a Banjul ko Kamfala zai dawo ya dubi ofishinsa da wani ido dabam, ya ga abin da sabo ya rufe masa. Sai dai shi ma jan kunnen da aka yi wa ɗalibi ya hau kansa, kada ya isa garin mutane yana jin shi ɗan babbar ƙasa ne ya zo ya waye da su. Wanda ya zo da girman kai, ko magani ya kawo ba a sha da daɗin rai.

Daga ƙarshe mu juyo gida, domin nan ne amfanin abin duka zai bayyana. Kowa ya san halin da arewacin Zamfara yake ciki. Cikin 2021 matsalar 'yan bindiga ta kai har gwamnati ta rufe kasuwannin mako da makarantu, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci. Cikin Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake yi wa laƙabi da Na Gari Na Kowa, tare da Ma'aikatar Lafiya, sun auna yara fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar kimanin ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Mutane sun baro ƙasashensu sun zo asibitocin Shinkafi da Zurmi sun yi jinyar 'ya'yanmu. Ya kamata mu tambayi kanmu, da su ma da abin da suka gani a makon farko suka yanke mana hukunci, da sun zauna? Idan har muna so baƙo ya yi mana adalci, ya duba bayan labarin 'yan bindiga ya ga manoma da 'yan kasuwa da malamai masu mutunci, to lalle ne 'ya'yanmu su yi wa garuruwan mutane irin wannan adalci. Kuma abin kunya ne a ce baƙo ya iya kwana a Zurmi yana aiki, ɗan Zurmi da aka sayar da hatsi aka karantar ya dawo ya maƙale a Abuja ko Kaduna.

Saboda haka ina ba da shawara ga hukumar ba da taimakon karatu ta jiha da ƙananan hukumomi, su riƙa tara yara kafin tafiya, a kira waɗanda suka riga suka yi karatu a ƙasar su yi musu bita a kan harshe da abinci da dokoki da al'adu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sa sharaɗi cewa duk wanda gwamnati take biya wa kuɗi ya kawo takardar shaidar aikin sa kai kowace shekara daga makaranta ko asibitin da ya taimaka, tare da sakamakon jarrabawarsa. A tabbata kowane ɗalibi ya rubuta sunansa a ofishin jakadancin Nijeriya da zarar ya sauka, don abin da ya faru cikin 2023 ya ishe mu darasi. Idan sun dawo kuma a ba su aiki a yankunansu, a tanadar musu tsaro da wurin kwana. Ma'aikatu su saki ma'aikatansu masu son shiga shirin TAC ba tare da an taɓa musu ƙarin girma ba. Iyaye kuwa, idan yaro ya bugo waya, bayan tambayar lafiya da karatu, a ƙara masa da cewa: wa ka sani a garin, wa ka taimaka?

Kai kuma ɗan'uwa ɗalibi, idan ka sauka garin mutane ka riƙe bakinka wata shida kafin ka yaba ko ka kushe. Gai da maƙwabcinka, ci abincinsu, nemi inda ake bukatar hannu ka miƙa naka. Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya dawo mana da ku lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da ta Sudan lafiya, amin.